Na Kulle Kwamfutocin Ɗana a Rumbu

Assalamu alaikum Hajiya Suwaibatu. Don Allah ki taimake ni kafin bakina ya furta wa ɗana abin da zan yi nadama.

Mahaifinsa ya rasu ya bar mana shanun huɗa biyu a Yargoje, da su muke noma abin da muke ci. Ɗan nawa Shamsu ya gama difloma ya dawo, sai ya faɗa wani zaure na waya, na masu kiran kansu masu zuba jari. Ina tankaɗe ina jin gardamarsu. Wani Adnan, wanda ko fuskarsa ba mu sani ba, ya ce a sayi hannun jari a kamfanin wutar lantarki. Wani Almu ya ce a'a, hukumar da ke kula da wuta tana iya sauya farashi ko ta ƙwace lasisi rana ɗaya, gara kwamfutocin tafi-da-gidanka 'yan gwanjo masu araha. Ɗana da ba ya jin maganar uwarsa ya ji tasu duka biyun. Ranar kasuwar Ƙanƙara ya ja sa ɗaya ya sayar, ya dawo da kwamfuta uku, wai zai koya wa ɗalibai jarrabawar shiga jami'a. Yanzu san na biyu yake hari saboda hannun jarin. Wutar da sai mu yi wata ba mu gan ta ba!

Ni ma na yi sakandare, ba jahila ba ce. Na tura kwamfutocin cikin rumbu, ƙarƙashin dawa, na sa kwaɗo. Kwana tara ke nan bai ci tuwona ba, ga damina ta ƙarato. Ki faɗa masa a jarida cewa shi marar kunya ne.

Uwa mai takaici, Ƙanƙara

Wa alaikumus salam. Hajiya, ba zan zagar miki ɗa a jarida ba, ko da yake ya yi laifi babba. Sa na gado ba nasa ne shi kaɗai ba. Kuma gaskiyar Almu ce: wanda abincinsa ke gona ba ya zuba ƙarfin gonar a harkar da sa hannun hukuma ke iya juyawa. San da ya rage kada ya bar turke. Ki kira baffansa a faɗa masa haka a gabanki.

Amma ke ma kin yi ɓarna. Waɗannan kwamfutocin su ne san naki na farko, kika kai wa ɓeraye da zafin rumbu. Ki fito da su yau. Shi ya nemo maƙwabci mai sa ɗaya ku haɗa garma, ya riƙe ta da hannunsa da safe, da yamma ya koyar da ɗalibansa a shagon masu sola. Ki miƙa masa kwamfutocin tare da kwanon tuwo.

Allah ya huci zuciyarki, ya ba ku damina mai albarka.