Wandon Auta da Takarda ta Uku

Zuwa ga babbar 'yata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da jikokina duka uku. Allah ya ƙara muku zaman lafiya, ya raya yara, ya sa albarka a nemanku. Mu ma nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Gwiwar mamanki ta yi sauƙi tun da aka canza mata magani, har ta koma hawa bene ba mai riƙe ta. Ni kuwa ban da kunnen nan na hagu babu abin da ke damuna. Shi ya sa na zaɓi rubutu, don in muna waya rabin zancenki iska ke kwashewa, in yi ta cewa to, to, ban san abin da na amsa ba.

Na san mamanki ta kira ki makon jiya tana kuka, ta ce za a kori Auta daga aiki. To, ki kwantar da hankalinki, ba a kore shi ba. Bari in ɗauko miki zancen daga tushe, don ita ƙarshen ta ba ki, shi ma tun bai ƙare ba.

Kin san aikin ƙanen naki a kamfaninsu. Shi ke jan wayoyin kwamfuta, ya haɗa na'urori, in sun tsaya ya tashe su. Rabin yininsa a durƙushe yake ƙarƙashin teburan mutane, rabi kuma yana kan tsani, kansa a cikin silin. Shekara huɗu yana wannan aiki da wandon jins, ba wanda ya ce masa uffan. Wata biyu da suka wuce aka kawo musu sabuwar manaja, daga banki aka ɗauko ta. Ta tarar samarin ofis suna zuwa da jins mai yagaggiyar gwiwa, wani ma wandon na neman zamewa daga ƙugu, baƙi na shigowa suna kallo. Sai ta manna sanarwa a allo cewa an hana jins, kowa ya zo da wandon yadi da riga mai kwala, wanda kuma ya karɓi takardar gargaɗi uku ya kama gabansa.

Ba zan yi wa Auta ƙarya ba, da farko ya bi doka. Wandunan yadi biyu gare shi, kafin kwana goma duk sun fashe a gwiwa. Ya koma jins, aka ba shi takarda ta farko. Ya je zai yi wa manajar bayani, sakatare ya ce tana taro, ya rubuta ya ajiye. Ya rubuta, shiru kake ji, sai takarda ta biyu ta biyo baya. Ga matarsa da ciki wata takwas, ga aiki a zamanin nan ba a tsintarsa a hanya.

A nan na tsoma baki, kuma ban tsoma da kyau ba. Kin san ni, shekara talatin da ɗaya na yi ina akawu, a idona jins kayan zuwa kallon ƙwallo ne. Na kira shi na wanke shi tas a gaban matarsa, abin da bai kamata in yi ba. Na ce taurin kai ne kawai, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na buɗe akwati na fito da baƙin wandona, wanda na sa ranar da aka yi mini liyafar ritaya, na ce shi zai riƙa sawa. Ya ce mini cikin ladabi yadin nan ba zai iya da silin ba. Na ce yadin da ya iya zama kusa da darakta ba silin ɗin da zai gagare shi. Ya sunkuyar da kai ya karɓa.

Ranar Laraba suna taro da manyan baƙi, allon da ake haska musu bayani ya ɗauke. Aka kira Auta, ya kafa tsani a tsakiyar ɗakin taro, ya shige silin ya gyara. Wajen saukowa wata ƙusa ta kama wandon a cinya, ta keta shi har ƙugu, ta haɗa da nama. Ya sauko a gaban mutum goma sha biyu, hannu ɗaya a tsani, ɗaya yana tare mutuncinsa. Masinja ne ya yaye ƙyallen teburin shayi ya ɗaura masa, a haka aka kai shi asibiti, aka yi masa ɗinki shida da allura. Likita ya ce da yadin mai kauri ne, da ƙarzanewa kawai zai yi. Yanzu muna dariyar ƙyallen tebur, amma ranar da na ga jininsa a jikin wandona, abinci bai shiga cikina ba. Na ji kunya, na kuma ji tsoro.

Ranar Litinin da zai koma aiki, sai ya fito da jins ɗinsa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce in yi haƙuri, ba zai ƙara shiga silin da yadi ba ko da za a kore shi, yana so ya ɗauki ɗansa yana tsaye da ƙafa biyu. Mamanki ta fashe da kuka, lokacin ne ta kira ki. Da hantsi ya turo saƙo cewa manaja ta ce ya same ta a ofis ƙarfe biyu. Duk muka ce shi ke nan, ta uku ce. Matarsa ta yi ta wanke kofunan da suke a wanke, ni kuma na riƙe jarida na kasa wuce layin farko.

Da la'asar ya shigo yana ɗingishi yana murmushi. Ashe kwanakin da yake jinya, matar nan ta cire takalmi ta hau tsanin da kanta, ta sa kai cikin silin da tocila, ta ga ƙusoshi jere kamar haƙoran zarto. Da ya shiga ofishinta, ta tambayi ƙafarsa, ta ba shi haƙuri kan bayaninsa da ya yi kwana da kwanaki a kan teburinta ba ta karanta ba, sannan ta zaro takardun gargaɗin nan biyu daga fayil ta yayyaga a gabansa. Washegari aka manna sabuwar sanarwa cewa masu aikin tsani da ɗaukar kaya su sa jins, amma mai duhu, marar yaga, a kuma ɗaure da bel. Wallahi ji na yi kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Mamanki ta sake wani kukan, na ce wannan kam kada ta kira kowa.

Matar nan ta burge ni, don ba kowane babba ke iya cewa ya yi kuskure ba. Ita ta iya, ni har yau ban iya ba. Jiya da safe dai ya same ni a falo ina goge masa jins ɗin da hannuna, na fitar masa da kari tsaf gaba da baya. Ya tsaya yana kallo, ya ce ai ba a yi wa jins kari. Na ce a gidan nan ana yi. Ya karɓa da hannu biyu, ya sa ya tafi aiki da karinsa. Ina jin ya gane abin da nake faɗa.

Ki gai da maigidanki da kyau, ki shafa mini kan Sarkin Surutu da Mai Kunya da ƙaramarsu. Mamanki, da Auta da matarsa, da Goggo ta ƙasan bene duk suna gaishe ku. Ki sa matar Auta a addu'a, Allah ya sauke ta lafiya, ya kuma haɗa fuskokinmu da alheri.

Wassalam,
Babanki.