Lambobin da Nake Yawan Kira

Zuwa ga Auta,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yarinyar. Ni ma lafiya, ban da gwiwar nan da kika sani.

Kada ki yi mamakin ganin rubutun hannuna. Direban motar garinku na ba takardar don ya kai miki, domin an sace mini layin waya alhali wayar tana aljihuna. Duk saƙon da ya zo miki daga lambata, ba ni ba ne. Kada ki amsa, kada ki tura komai.

Ga yadda aka yi. Wani ya kira ni, muryarsa a natse. Har Sufeto ya ce mini, sunan da rabona da in ji shi a bakin baƙo tun da na bar aikin duba makarantu. Ya ce daga kamfanin tafiye-tafiye yake, wai cikin 'ya'yana wani ya biya mini tikitin hutun ƙarshen shekara, amma an ce kada a faɗi ko waye. Ban matsa ba. Yayyenki ba su taɓa saya mini ko reza ba, sai na ɗauka ke ce. Ya ce in tura hoton katin shaidata, in kuma karanta masa lambobin da za su shigo wayata. Na tura hoton, na karanta masa lambobin a hankali, ɗaya bayan ɗaya, yadda nake yi wa ɗalibai shifta. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina kama malaman da ke cika rajista da sunayen yaran da ba a haifa ba.

Na sa telan ƙasan benenmu ya rage mini kwat ɗin nan mai ruwan toka, don na rame. Na saya wa yarinyar takalma, ban ma san girman ƙafarta ba. Ran tafiya na je tasha da akwatin marigayiya mahaifiyarki. Mai tikiti ya duba, ya sake dubawa, babu sunana. Na zauna a benci har motar ta cika ta tashi, ina cewa ko kuskure ne. Da na ciro waya in kira mutumin, sai na tarar layin ya mutu. Ina shigowa da akwati tela ya ɗaga kai daga kekensa, wai Sufeto har an dawo, lallai hutun manya ba ya daɗewa. Na haye sama da akwatina.

Ki gaida na gida.

Babanki,
Sufeto

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, amsarki ta iso. Na karanta ta a tsaye, sannan na zauna na sake karantawa.

Ashe takardata ta makara. Kin ce tun kafin ta zo kuna ta musayar saƙo da ɓarawon layin, kina zaton ni ne. Ya ce miki yana kewarki, ya ce gidan ya yi masa girma, ya roƙi hoton yarinyar ya ce idonta na kakarta ne. Daga baya ya ce yana kwance a asibiti, kika tura masa kuɗin da kika ware don zuwa ganina a wannan hutu. Ban san kin yi niyyar zuwa ba. Kin kuma rubuta cewa kin yi kuka a wurin aiki, don tun rasuwar mahaifiyarki ba ki ji irin wannan magana daga gare ni ba. Hotunanmu na cikin manhajar da ya shiga da layina, a nan ya ga idon kakarta. Mutumin ya iya aikinsa.

Ba ke kaɗai ba ce. Ya bi duk mutanen da na sani yana gaishe su, yana tambayar yara da suna. Abokin karatuna, wanda muke kira Dogo, ya hawo benen nan da sandarsa yana haki, da ledar lemo, wai ya zo dubiya. Rabona da shi tun yana da haƙora. Da na faɗa masa gaskiya ya yi dariya har da tari, ya ce dama ya yi mamaki, wai yaushe na koyi tambayar lafiyar mutane. Ya bar lemon, amma bai daɗe ba. Na lura ya fi son wancan.

Na je ofishin kamfanin waya in karɓo layina. Ɗaki ne mai sanyi da kujerun roba a jere, kowa riƙe da 'yar takarda mai lamba yana kallon allo. Da aka zo kaina, ma'aikaciyar ta ce katin shaida kaɗai bai isa ba, tunda wancan ma da hoton katina ya yi aiki. Ƙa'idarsu ita ce mai layi ya faɗi lambobin da yake yawan kira, su gwada da abin da ke cikin kwamfuta. Na ba ta ta mai kantin magani. Na ba ta ta mai gyaran famfo. Ta ce saura. Sai na karanto mata taki da ka, ban yi tuntuɓe ko a lamba ɗaya ba. Ta duba ta ce lallai ana kiran wannan lamba, amma duk kiran na kwanan nan ne, bayan an sauya layin. Kafin nan babu ko ɗaya. Ba ta faɗa da izgili ba, sa'arki ce, har Baba take ce mini. Ta ce a yadda kwamfuta ke gani, wancan ya fi kama da mai iyali.

Ashe yana kiranki ma. Kin ce yana katsewa da zarar kin ɗauka, sai ya rubuto wai muryarsa ta dishe.

Na yi karatu har inda ake zuwa a zamaninmu, ina da takardu cike da akwatin ƙarfe. Babu ɗaya a ciki da ta iya shaida cewa ni ne ni.

Babanki

Zuwa ga Auta,

Ina gaisuwa. Yaya jikin yarinyar, murar ta sake ta?

Sun rufe tsohon layin, ni ban samu ba, shi ma ya rasa. Na sayi sabo, lambar tana ƙasan wannan takarda. Ki faɗa wa yayyenki, in sun ga dama. Daga yau duk wanda ya rubuto da sunana yana neman wani abu, ki kira ki ji murya, ki tambaye shi abin da mu kaɗai muka sani. Lambobin da ke shigowa waya kuwa kada ki karanta wa kowa, ko da ya ce ni ne.

Na fahimci ba za ki iya zuwa bana ba. Benen ya yi tsit, maƙwabta duk sun tafi hutu, tela ma ya rufe shago. Da rana ina jin ƙarar firij kamar mutum na gyaran murya a kicin. Akwatin na nan bakin ƙofa, ban kwance shi ba. Takalman na ba direba tare da wannan. In sun yi mata kaɗan ki ba wani.

Har yanzu ina nan a kan ra'ayina cewa bai kamata ki karɓi aiki a wuri mai nisa haka ba. Ba wannan ya sa na rubuto ba.

Ma'aikaciyar ta ba ni shawara in riƙa kiran wasu lambobi a kai a kai, don in haka ta sake faruwa in sami abin faɗa. Mai magani da mai famfo ba su isa ba. Saboda haka zan riƙa kiranki da yamma, in kin tashi aiki. Ba sai mun daɗe ba, ban iya irin maganganun wancan ba, kada ki sa rai. Na tambaye ta ko ya wadatar wayar ta yi ta ƙara kawai. Ta ce a'a, kiran da aka ɗauka kaɗai suke lissafawa.

Ki huta lafiya.

Babanki,
Sufeto