A Cire Kan Saniyar, A Bar Mana Burtali

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Gyaran Tsohuwar Kotun Garinmu, da ke kan hanyar Gwarzo zuwa Kabo.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya iyali, ya fama da jama'a? Ranka ya daɗe, na yi sintiri zuwa ofishinka har na gaji ban gan ka ba, shi ya sa na rubuto a fili.

Na ɗaya. Dutsen da ke saman ƙofar kotun nan ba ado ba ne kawai. An sassaƙa fartanya a dama, saniya a hagu, da layi biyu a tsakaninsu. Layukan nan burtali ne, hanyar da manoma suka bar wa shanunmu zuwa rafi lokacin da kakanninmu suka daina yawon kiwo suka zauna. Mahaifina da kansa ya nuna min. Duk wanda ya ci burtali da noma, nan dattawa ke kawo shi, ya ɗaga kai ya gani, ya je ya janye.

Na biyu. Ranar kasuwa na tarar da ma'aikatanku sun kafa tsani. Wai tunda Shari'a ta zo, za a shafe dutsen da siminti saboda surar mai rai. Ni ba na ja da Shari'a, Allah ya kiyaye. Na tambayi limaminmu, ya ce in aka cire kan saniyar, magana ta ƙare. To me fartanya ta yi muku? Me layukan suka yi? Kuma simintin nan, ai shi kuka ce babu lokacin da muka roƙi a gyara bakin rijiyar kasuwa.

Na uku. Tun ba a taɓa dutsen ba, wani maƙwabcina ya ja kunyoyinsa cikin burtali. Da na yi magana, ya ce in kawo shaida. Wallahi hankalina a tashe yake, ko barci ba na iyawa.

Roƙona, a sauke tsanin nan. A kira liman da dattawan manoma da na makiyaya, a cire kan saniyar a gabansu, a bar sauran. Kuma a yi kafin shuka ta tashi, domin shanu ba za su san an shafe komai ba. Hanyar da suka sani za su bi, kuma yanzu dawa ce a kanta.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.

Naka,
Malam Ilu, Unguwar Rugga