Ɓawon Tuffar da Akuya Ta Cinye

Tanti Bilkissou, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa.

Ina zaune a Guéma, nan Parakou. Maigidana mahauci ne, mutumin da a da yake saɓa cinyar saniya a kafaɗa shi kaɗai. Ya daɗe yana fama da ciki, gudawa da jini. Likita ya ce kumburin hanji ne, irin wanda ke lafawa ya dawo. Yana shan magani, ana samun sauƙi. Sai yayarsa Halimatou ta turo masa vokal, saƙon murya, daga Djougou, wai an gano tuffa, pom ɗin nan ta bakin titi, tana da sinadarin da ke warkar da hanji. Tun ranar ya ajiye ƙwayoyin asibiti, ya ce dama ya gaji da su.

Ni dai aikina ferewa. A gidanmu ba a miƙa wa babba abu da ɓawonsa, ko lemo ne ko rake, haka Inna ta koya mana. Ga tuffar tana sheƙi kamar an shafa mata mai, ban san hannu nawa ta bi ba. Sai in fere, in yanka, in kai masa a faranti, ɓawon in watsa wa akuya.

Bai warke ba. Jinin ya dawo, ya rame har wando ba ya zama a ƙugunsa, ya daina fita kasuwa. Da Yaya Halimatou ta zo dubiya ta same ni da wuƙa, sai ta ɗora hannu a ka. Wai ai maganin a ɓawon yake, akuyata nake ta yi wa magani, ɗan'uwanta kuwa ina ba shi dusa. A gaban mutane ta faɗa. Na kalli akuyar, wallahi ta yi ƙiba.

Abin da ke ba ni tsoro, Tanti, ban yi kuka ba, ban ji haushi ba. Ba na jin komai. Ina wanke masa zannuwa, ina shanyawa, ina kallonsa kamar baƙon da aka ajiye mana. Yanzu da ɓawon yake ci, cikin ya ƙara murɗawa. Ni na jawo masa?

Wadda ta gaji, Guéma

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya.

Yayar mijinki ba ƙarya ta ƙaga ba. Tuffa na da sinadaran da masana ke kira polifenol, kuma sun fi yawa a ɓawo. An ga alamar suna rage kumburin hanji, amma galibi a gwaji kan ɓeraye, da sinadarin da aka tace, ba tuffar faranti ba. Ba wanda ya nuna tana maye gurbin magani. Halimatou tsoro ne ya cika ta, ta rasa inda za ta sauke shi sai kanki.

Wuƙarki ba ta cuce shi ba. Hanjin da ke zubar da jini, ɗanyen ɓawo na iya ƙara tayar masa da hankali, shi ya sa likitoci kan ce a fere ko a dafa. Abin da ya kwantar da shi ajiye magani ne.

Saboda haka gobe asibiti, ba jibi ba. Jini da rama ba a yi musu jinkiri. Kada ki tsaya gardama da Halimatou. Tunda maganarta yake ji, ki roƙe ta ta raka ku, ta yi wa likita tambayar tuffar da bakinta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Rashin jin komai kuwa gajiya ce, ba rashin so ba. Wadda ta daina so ba ta damuwa da abin da ya jawo. Ki nemi 'yar'uwa ta kama miki wanki, ki yi barci. In abin ya daɗe, ki faɗa wa likita ke ma.

In kun dawo ki fere biyu: ɗaya tasa, bayan ya sha maganinsa, ɗaya taki. Akuya ta ci gaba da cin rabonta.

Allah ya ba shi lafiya, ya sanyaya miki zuciya.

Tanti Bilkissou