Hoton da Ya Makara

Zuwa ga ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya sa albarka a neman da ya kai ku nesa. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yi wa kowa faɗa, kin san kuwa ta warke ke nan. Ni dai sai gajiya, irin wadda barci ba ya maganinta.

Kin tambaye ni hoton 'yarki Barewa na ranar tsere, na yi ta yi miki hanya-hanya a waya. Abin da bakina ya kasa faɗa ne zan rubuta. Kin san wadda ta zo ta ɗaya kaɗai ake ɗauka zuwa gasar ƙasa. Na tsuguna daidai layin ƙarshe da sabuwar kyamarar da kika aiko mini. Tsohuwar kyamarata kina dannawa take ɗauka, shekara ashirin da shida yatsana ya saba da haka. Ita wannan sai ta tsaya ta daidaita hoton tukuna, ɗan jinkirin da bai kai ƙiftawar ido ba. A hoton fasfo da nake yi a shago wa zai lura, mutum yana zaune kamar an dasa shi?

Barewa da wata doguwar yarinya suka iso tare. Da idona na ga ƙirjin Barewa ya riga isa layi, na danna. Kan alƙalan tsere ya rabu, sai babbansu ya ce a kira mai hoto. Na tafi ina washe baki, ko dubawa ban yi ba. Da aka buɗe hoton, duk su biyun sun wuce layi da taki guda, doguwar tana gaba da kafaɗa. Na yi bayani har muryata ta dashe cewa kyamara ce ta makara. Babban ya tambayi alaƙata da yarinyar, na ce 'yar ƙanwata ce. Ya yi murmushi, ya ce ai hoto ba shi da 'yar ƙanwa. Suka ba doguwar nasara.

Kada ki ce laifin kyautarki ne. Ni ne ban gwada ta a kan abu mai gudu ba, wai ni na wuce koyo. Kwana uku Barewa tana kauce mini. A na huɗu ta shigo shago, ta ce in ɗauko kyamara mu tafi fili, tunda tana atisaye, ni ma sai in yi nawa. Yanzu kullum da safe tana gudu ina dannawa, gwiwoyina suna kuka. Dole in danna tun babu kowa a kan layi, kuma har yau yatsana yana gardama. Jiya cikin goma na dace da biyu. Ta duba, ta ce ba komai, muna da shekara guda.

Inna da Yaya da matata suna gaishe ki, ki gaida maigidanki. Hoton ranar yana cikin ambulan ɗin nan. Na so in goge shi, Barewa ta hana, ta ce in aiko miki, tunda ba ki taɓa ganin ta tana gudu ba.

Naki,
Yayanki mai hoto