Za Mu Kai Hajara Dakar

Inna,

Gaisuwa mai yawa daga Tanut. Na san wannan takarda ba za ta iso ki ba, ba kuma mai karanta miki ita. Amma ni ban iya sanin abin da ke raina sai na gan shi a rubuce.

Gida lafiya. Gero ya yi kyau bana a Gangara, Kawu Habu ya cika rumbunsa. Ni ina nan ina koyarwa a lakwal, makarantar boko. Maganar Isufu autanki da 'yata Hajara ce ta sa na zauna rubutu.

Isufu ya zama babban likitan ido a Dakar, har yana koyar da masu neman zama likitoci. Kin rasu kina ganin karatun Nasara ya raba ki da shi. Ban taɓa gaya miki ba, don ke ya zaɓi ido. Kin tuna hantsakin da kike ratayawa a wuya? Da shi Isufu ke cire miki gashin idon da ke juyawa ciki yana karce ki, yana yi yana kuka, ga hakiya tana ta rufe miki gani. Tun lokacin bai bar wannan aikin ba.

Bayanki Hajara ta yi ƙyanda, ta tashi da hakiya a ido duka biyu. Haske kawai take bambancewa da duhu. Da Isufu ya zo hutu ya duba ta, ya ce cikin idon lafiyarsa lau, fatar gaba ce ta yi fari. Aikinsa ke nan: ya yanke wadda ta lalace, ya ɗinka mata garau da zare siriri. Sai dai garau ɗin daga idon mamaci ake samunta, in danginsa sun yarda.

Kawu Habu ya ƙi. Ya ce ba a taɓa gawa, kuma yarinya ba ta yawo da kayan kabari a fuska. Na kai maganar gaban malamai, wani ya hana, wani ya ce ceton mai rai ne. Na auna, na sake aunawa, kin san halina. Wataƙila Kawu ya daina shiga gidana. Isufu ma bai yi mini alkawarin aikin zai kama ba. Duk da haka na yanke. Ni na ja miki sanda, Inna. Zan zauna in ga an sassaƙa wa Hajara tata tana ƙarama?

Ran kasuwa za mu hau mota zuwa Damagaram, daga nan Yamai, sai jirgi. A can za mu zauna jira, don ba a yin aikin sai wani ya cika. Wannan kaɗai ke damuna. In na ɗaga hannu, me zan roƙa? Na tsaya a kan Allah ya yi abin da ya fi alheri, ban ƙara komai ba.

Wanda za a ciro daga idonsa, ban san shi ba, ko ita. Yanzu haka yana raye, wataƙila yana cin abinci da 'ya'yansa. Mu ba za mu samu yi masa godiya ba. Ke ce za ki riga mu ganinsa. In ya iso, ki tarbe shi kamar ɗan gida, ki gaya masa sunan jikarki.

Allah ya haskaka makwancinki. Sai mun zo.

Ɗanki na fari, wanda kunya ba ta bar ki kin kira sunansa ba.