Ranar da Aka Yi Ruwa a Falonmu

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, tare da roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Allah Ya sauwaƙe maka ciwon bayan nan, Ya kuma raba ka da wurin aikinka cikin mutunci, ba irin rabuwar da aka yi da ni ba. Mu nan muna nan yadda ka sani. Babbar 'yarmu ta samu ƙarin girma a asibiti. Ƙaramin ya gama karatu yana zaune a gida, kamar yadda aka saba yanzu, ga takarda a bango ga mai ita a ƙarƙashinta.

Kwalinka ya iso, ba abin da ya fashe, Allah Ya saka da alheri. Amma gara ka ji daga bakina: manyan lasifikoki biyun da ka aiko ba sa gidana yanzu. Ka daure ka karanta har ƙarshe kafin ka yi fushi.

Ka san tun da idanun uwar yara suka tafi, shekara biyu ke nan, ta ƙaurace wa falo. Matar da a da take faɗa da mutanen cikin fim kamar suna jin ta, yanzu sai ɗaki da gado da bango. Ta ce me za ta zauna yi a gaban akwatin da kowa ke gani ban da ita. Shi ya sa na roƙe ka lasifikokin da ake kafawa a bayan mai kallo. Muna da biyu a gaba, da ta tsakiya mai fitar da magana, da babbar nan mai rugugi. Na yi tunanin in sauti ya kewaye ta, ko kunne zai biya mata abin da ido ya hana. Ban gaya wa kowa ba, amma na ƙudurta cewa in wannan bai fito da ita ba, na daina roƙo.

Na kira Dogo mai gyaran rediyo na bakin titinmu ya ja mini waya. Yana duba bayan lasifikokinka ya ce kaya ne na gaske, amma ba 'yan gidan nawa ba ne. Wai kowane kamfani da muryarsa, musamman ɗan ƙaramin bakin nan na sama mai fitar da siririn sauti, kuma in aka haɗa bare da 'yan gida, kunne zai gane. Ni da na yi shekara talatin da ɗaya ina koyar da kimiyya, na zana igiyar sauti a allo har alli ya cinye mini yatsu, sai na nuna masa lambobin da ke jikin kwali, na ce duk sun dace da amfilifaya, na'urar ƙara sautin, ya yi aikin da aka kira shi. Ya ce to Malam, ilimi naka ne, waya tasa ce. Ya ɗaura ya tafi.

Da ƙyar 'yarmu ta lallaɓo uwar ta zauna. Muka sa wani fim inda wata mata ke magana tana ratsa ɗaki har ta koma bayan mai kallo. Ni ina ta jin daɗin ƙarfin abin. Uwar yara kuwa ta karkata kai ta tambaya wace ce wannan ta biyun da ta shigo. Muka ce mace ɗaya ce. Ta ce ƙarya muke, ta farko muryarta a sake take, wannan kuwa kamar ta cusa kai a tulu. Sau uku ana haka. Daga nan ta ce rashin gani bai ishe ta ba, sai an haɗa mata da ruɗani? Ta miƙe tana lalubar bango ta koma ɗaki. Auta, ranar da aka miƙo mini takardar sallama a makaranta ban ji abin da na ji a wannan yammacin ba.

Washegari na tafi shagon Dogo da ƙafata. Ka san wuyana ba ya lanƙwasuwa, amma ya lanƙwasu. Bai yi mini dariya ba, ya dai ce gwajin da yake yi wa masu saye shi ne ya sa su rufe ido, to ga wadda ta yi gwajin ba tare da an sa ta ba. Ya tono wasu ƙanana guda biyu daga ƙarƙashin teburinsa, tsofaffi, ɗaya ma da tabon fenti, amma kamfaninsu ɗaya da na gabana, jerinsu ɗaya. Na ce waɗannan 'yan mitsi-mitsin? Ya ce na baya ba ihu ne aikinsu ba, raɗa ce, kuma wanda ya raina gajere bai taka kunama ba. Muka yi musaya: ya karɓi naka, ya ce ɗakin taro ne ya dace da su.

Ka ga aiki! Ya biyo ni gida ya kafa su a gefen kujera, ɗan baya kaɗan, sama da kunnen mai zama da kamar taƙi biyu. Ya auna nisan kowace da igiya. Sannan ya sa wani sauti mai shuuu, yana zagayawa da shi daga lasifika zuwa lasifika, yana ragewa yana ƙarawa idonsa a rufe, har sai da na kasa gane inda ɗaya ta ajiye ɗaya ta ɗauka. Tsintsiya ce, maɗaurinta ɗaya.

Uwar yara ta ƙi fitowa. Ban matsa ba. Bayan la'asar na kunna fim na bar ƙofar ɗakinta a buɗe. Can cikin fim aka fara ruwa. Wallahi, Auta, rana tana haske a taga, amma ɗigon farko ya faɗo a bayan kafaɗata ta hagu, na biyu a gaba, sannan ya sauko ko'ina, a kan rufi, a kan ganye, yana gangara ta wata kwata da babu ita a gidana. Na san lissafin abin tun kafin a haifi 'yarmu, amma ashe ban taɓa jin sa ba. Sai ga muryarta tana ƙwala wa yara kira su kwashe shanya. Da ta ji ba wanda ya motsa, ta fito da kanta, ta tsaya a tsakiyar falo ta miƙa tafin hannu sama. Ta daɗe a haka. Sannan ta ce akwai wani yana tahowa a guje ta bayanmu, takalminsa ɗaya ya fi ɗaya nauyi. Bayan ɗan lokaci sai ga wani gurgu ya bayyana a talabijin. An ce gani ya kori ji, amma ranar ita ta riga mu gani.

Ta laluba ta sami kujerar tsakiya, wadda aka auna komai daga gare ta, ta ce in tashi. Shekara ashirin ina zama a kujerar nan. Na tashi. Yau kwana tara ke nan ba ta koma wa gadon nan da rana ba, kuma jiya ta zagi wani mugu a fim zagin da sai da maƙwabciya ta leƙo.

Don haka ka yafe mini musayar. Kyautarka ce ta yi aikin, ta hannun Dogo kawai ta biyo. Ka gaida maiɗakinka, da 'yan biyu, da takwarana mai ƙiriniya, da surukarka in ka je duba ta. Yara suna gaishe ka. Uwar yara kuwa, matar taka ta wasa, ta ce in gaya maka, ranar da ka zo ka taho da kujerarka, don tata ba ta aro ba ce.

Wassalam,
Yayanka.